Bunƙasar Harshe Daga Ƙuruciya Zuwa Balaga

Yaro ɗan shekara 5 ya riga ya mallaki mafi yawan sautukan harshensa da ƙa'idojin ginin jimla, amma koyon harshe ba ya tsayawa a nan. Abin da ke ci gaba da bunƙasa shi ne fahimtar ma'ana da sanin muhallin magana. Misali, idan aka ce wa ɗan aji biyu na firamare "ruwa ba ya tsami banza", yakan ɗauka zancen ruwan sha ake yi. Yawanci sai ya doshi shekara 11 ko 12 yake gane cewa ana nufin komai da dalilinsa. A wannan mataki ne kuma yake ƙwarewa wajen sarrafa jimloli masu ɗauke da "duk da cewa" ko "sai dai idan".

Idan balaga ta zo, maƙwallato yakan girma, muryar namiji ta buɗe. Matashi yakan yi sara cikin tsararrakinsa, sannan ya koma Hausar ladabi a gaban mahaifinsa. Saboda haka, bai kamata malami ya ɗauki sara a matsayin lalacewar harshe ba. Aikinsa shi ne ya nuna wa ɗalibi inda kowane salo ya dace, musamman a rubutun insha'i.