Shari'ar Dover: Ranar da Aka Kai Tarkon Ɓera Gaban Alƙali

 Yau Amurka za mu leƙa, wani ƙaramin gari mai suna Dover a jihar Pennsylvania.

A ƙarshen shekarar 2004 hukumar makarantun garin ta yanke cewa kafin a koya wa ɗalibai ka'idar Darwin, wato cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali daga tushe guda, sai an karanta musu wata gajeriyar sanarwa. Sanarwar na cewa ka'idar tana da giɓi, kuma akwai wani bayanin daban, wanda suka kira tsarin mai hikima. Malaman kimiyya suka ce ba da bakinsu ba, sai shugabannin makaranta ne suka shiga aji suka karanta. Iyaye 11 suka kai ƙara, domin tsarin mulkin Amurka ya hana makarantar gwamnati koyar da addini. Aka fara zama a Harrisburg ranar 26 ga Satumba, 2005.

To, mene ne wannan tsarin mai hikima? Kunnenmu ya saba da asalin maganar. Duk wanda ya zauna gaban malam a darasin tauhidi ya ji misalin Balaraben ƙauye da ya ga kashin raƙumi ya san raƙumi ya wuce, ya ga sawu ya san an bi hanya. A Ingila ma, a 1802, wani limamin coci, William Paley, ya kawo misalin agogon da aka tsinta a daji. Sabon abin da 'yan hukumar makarantun Dover suka zo da shi shi ne cewa wannan magana kimiyya ce zalla, ba ruwanta da addini, kuma ba za su faɗi ko wane ne mai hikimar ba.

Babban mai ba su shaida shi ne Farfesa Michael Behe na Jami'ar Lehigh. Hujjarsa tarkon ɓera. Ya ce dubi tarko: katako, waya mai tsalle, sandar da ke bugu, da maƙalinta. Cire ɗaya, ɓera ya ci ƙosai ya yi tafiyarsa. Haka, in ji shi, wata 'yar jela da ƙwayar bakteriya ke juyawa kamar farfela tana iyo da ita: sassanta da yawa, in babu ɗaya ba ta aiki, don haka ba yadda za a yi ta haɗu kaɗan-kaɗan. Gaskiya ranar da na fara karanta wannan misali ya kama ni ƙwarai.

Sai ga Farfesa Kenneth Miller na Jami'ar Brown. Shi ya sha nuna wa jama'a amsarsa da hannu: ya cire wasu sassan tarkon, ya ɗauki ragowar ya maƙale naktaye da ita a ƙirjin rigarsa. Ba ta kama ɓera, amma tana wani aikin. Ya ce haka abin yake a jikin bakteriya, domin wasu sassan jelar nan suna kama da na wata 'yar allura da wasu ƙwayoyin cuta ke tsira wa jiki guba da ita.

Ku riƙe wannan, masu sauraro, don shi ya fi tsaya mini a rai: Behe ɗan ɗariƙar Katolika ne, Miller ma ɗan Katolika ne. Dukansu biyu sun yi imani da Mahalicci. Ba mumini da mai musun Allah aka gurfanar ba, masu imani biyu ne suka saɓa a kan abin da ya cancanci a kira shi kimiyya. Shi kansa Behe bai musanta cewa halittu sun haɗa kakanni ba.

Amma abin da ya karya ƙashin bayan hukumar, a tsofaffin takardu aka tono shi. Sanarwar nan ta tura ɗalibai ga wani littafi, Of Pandas and People, da aka buga a 1989. Kotu ta sa mawallafansa suka miƙa daftarorinsa na farko, dubban shafuka, wata malamar falsafa mai suna Barbara Forrest ta zauna tana bi ɗaya bayan ɗaya. Me ta gani? Daftarorin farko cike suke da kalmar halitta irin ta addini, kusan sau 150. A 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta hana koyar da wannan a darasin kimiyya. Daftarin da ya biyo bayan hukuncin, jimlolin suna nan yadda suke, an dai zare kalmar halitta an cusa tsarin mai hikima a gurbinta.

Kuma a wani wuri mai gyaran ya yi gaggawa. Ya dasa sabuwar kalma a tsakiyar tsohuwar, bai goge ta duka ba. Harafin farko na tsohuwar kalmar yana nan a gaba, jelarta tana nan a baya, sabuwar a tsakiya. Kamar mutum ya ɗora sabuwar riga a kan tsohuwa, wuyan tsohuwar da gefenta suna leƙowa. Ku sake ji: kai na tsohuwa, jela ta tsohuwa, ciki ne kawai sabo.

Ni a nan zuciyata ta sosu. Mai imani ba ya buƙatar sauya wa imaninsa suna kafin ya faɗe shi. Har kuɗin sayen kwafin littafin nan ma a coci aka tara, wasu 'yan hukumar kuma suka ɓoye hakan bayan sun yi rantsuwa, alƙali ya faɗa ƙarara cewa sun yi ƙarya.

 Alƙalin, John Jones, mai zuwa coci ne, kuma Shugaba George Bush ƙarami ne ya naɗa shi. Ranar 20 ga Disamba, 2005, ya fitar da hukunci mai shafi 139: tsarin mai hikima ba kimiyya ba ne, ba za a shigar da shi darasin kimiyya ba. Ya kuma rubuta cewa kotu ba ta ce maganar ƙarya ce ba, kuma ka'idar Darwin ba ta kore samuwar Mahalicci. Tun kafin hukuncin, mutanen Dover sun kayar da 'yan hukumar 8 a zaɓen Nuwamba, bayan hukuncin kuma gundumar makarantun ta biya sama da dala miliyan 1 na kuɗin shari'a.