Auna Sawun Babban Kamfani a Muhalli: Daga Tanderun Siminti zuwa Kogin Jakara

Duk kamfanin da ke sarrafa kaya yana ci daga jikin ƙasa, kuma yana mayar mata da abin da ya rage. Yana jan ruwa, yana fasa dutse, yana ƙona gas ko kwal ko man dizal. Daga nan hayaƙi ya tashi, ƙazamin ruwa ya gangara, shara ta taru. Jimillar abin da ya ci da abin da ya zubar ita ake kira sawunsa a muhalli. William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel na wata jami'a a Kanada su ne suka yaɗa wannan tunani a farkon shekarun 1990, yau kuma da wuya ka ga babban kamfanin da ba ya fitar da rahoton shekara a kai.

Asalin lissafin ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Karkarar da ta kewaye birni, irin su Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka ta Yamma. Gona na jingine da gona, babu saura, babu hutun ƙasa, amma shekara da shekaru ana cire gero da dawa da wake da gyaɗa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin yadda hakan ke yiwuwa. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau ta ƙasar Gezawa tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta: mangalar taki nawa jaki ya kai, damin hatsi nawa aka ɗauke, harawa nawa tumaki da awaki suka ci suka mayar taki, har da ƙurar hunturu da ke sauka ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin da ake yi wa kamfani ke nan: a tsaya a bakin ƙofa, a rubuta mai shiga, a rubuta mai fita. Sai dai gona tana da iyaka da kowa ya sani, ga gamba ko jema a kan kunya, ga maƙwabta shaida. Iyakar kamfani kuwa mai lissafi ne ke shata ta, kuma inda ya ja layin nan shi ke yanke girman sawun.

Hayaƙi

Mu fara da iska, domin ita ce ta fi samun tsari. Tun 2001 akwai wata ƙa'ida ta duniya, GHG Protocol, da yawancin kamfanoni ke bi. Ta kasa hayaƙin da ke ɗumama duniya gida uku. Na farko, wanda ke fita daga tanderu da janareto da motocin kamfanin kansa. Na biyu, wanda tashar lantarki ta fitar wajen samar da wutar da kamfanin ya saya. Na uku ya haɗa duk sauran: hayaƙin waɗanda suka sayar masa da kaya, da na dillalai, da na mai amfani da kayan a ƙarshe.

Ba a tare hayaƙi a ɗora shi kan sikeli. Rasit ake bi. Litar dizal ɗaya idan ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka wanda ya san litar da aka sha a shekara ya san nauyin hayaƙin. Sauran iskoki kuma ana juya su zuwa ma'aunin kabon: kilo ɗaya na iskar metan, wadda ke tashi daga juji da fadamar shinkafa da cikin shanu, ana ƙirga shi kamar kilo 28 na kabon a tsawon shekara ɗari.

Siminti ya fi kowane kaya bayyana wannan lissafi, ga shi kuma ya shiga kowane ƙauye a arewacin Kano, inda bulo ke ta maye gurbin tubali. Masana'antar Dangote da ke Obajana a jihar Kogi tana iya fitar da tan miliyan 16.25 a shekara, ta BUA kuma tana Kalambaina kusa da Sakkwato. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin digiri 1,450 har ya zama ƙwallaye da ake kira kilinka, sannan a niƙa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fiye da rabin hayaƙin ba daga makamashi yake fitowa ba, daga dutsen kansa ne. Idan zafi ya fasa shi sai ya saki kabon da ke ɗaure a jikinsa, kusan rabin tan a kowane tan na kilinka. Ko da hasken rana aka gasa shi, wannan kaso na nan. A matsakaicin lissafin duniya, tan ɗaya na siminti yana jawo kusan kilo 600 na kabon, wato buhu mai kilo 50 yana tafe da kilo 30. Magidancin da ya gama gininsa da buhu 300 ya sa an saki tan tara ke nan, tun kafin a haɗa da dizal ɗin tirelar da ta yi fiye da kilomita 500 daga Kogi zuwa Kano. Masana'antar siminti gaba ɗaya tana da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon da ɗan Adam ke fitarwa.

Nan akwai wurin lura guda biyu. Kamfani yana iya cewa ya rage hayaƙin da ke kan kowane tan, maganarsa kuma gaskiya ce, alhali jimillar hayaƙinsa ta ƙaru saboda ya ninka yawan simintin. Mai karatu ya nemi lambobin biyu. Sannan kamfanonin siminti, har da na Dangote, sun fara ƙona buntun shinkafa da ɓawon kwakwar manja a madadin wani kaso na kwal da gas, abin da ke rage musu lamba a takarda. Wannan ci gaba ne. Amma a ƙasa irin ta Gezawa ragowar amfanin gona ba shara ba ce: kara da harawa su ne abincin dabba, dabba kuma ita ce taki. Duk ranar da kasuwar makamashi ta kai ga karan dawa, ribar da za a rubuta a littafin kamfani asara ce a gona, kuma babu gurbin rubuta ta a ƙa'idar hayaƙi.

Ruwa

Ruwa ya fi hayaƙi wuyar lissafi, kuma a ganina ya fi shi muhimmanci a wajenmu. Tan ɗaya na kabon illarsa ɗaya ce, ko a Obajana aka sake shi ko a Sin. Lita ɗaya ta ruwa kuwa darajarta a watan Agusta daban take da ta watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Arjen Hoekstra, ya fito da ma'aunin sawun ruwa a 2002. Ana raba shi zuwa ruwan sama da shuka ta sha, da ruwan da aka ɗebo daga kogi ko dam ko rijiyar burtsatse, da kuma yawan ruwan da ake bukata kafin ƙazantar da aka zuba ta tsarwatse ta daina cutarwa. A ɗauki masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka gina don ta markaɗa tan 1,200 a rana. Idan an tsaya a bakin ƙofa, ruwan wanke tumatir da na injina kaɗai za a ƙirga. Amma a matsakaicin duniya kilo ɗaya na tumatir yana shan kimanin lita 200 kafin ya nuna. Ranar da injinan suka yi cikakken aiki, tumatirin da suka haɗiye ya sha abin da ya kai lita miliyan 240 a gona, kuma tunda noman rani ne, daga dam ɗin Tiga ruwan yake zuwa. Tiga da aka gama a 1974, da Challawa Gorge da ya biyo baya a 1992, su ne suka rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru. Ka ga ke nan zaren lissafin gwangwanin tumatir yana iya kaiwa ga masunci a jihar Yobe.

Kashi na uku, na ƙazanta, shi ne ya shafi arewacin Kano kai tsaye. Kogin Jakara yana tasowa daga cikin birni, ya kwashi ruwan kwatami da na mahauta, rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, sannan ya nufi arewa maso gabas ya zube a dam ɗin Wasai ta ƙasar Minjibir. A gaɓarsa manoman lambu na jan ruwan da injin ban ruwa suna shayar da latas da kabeji da karas da alayyafo, washegari kayan su koma kasuwannin birni. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da dalma da kadmiyom. Manomin bai rasa sanin ruwan ya ɓaci ba, yana ganin launinsa, yana jin warinsa. Amma shi ne ruwan da ba ya ƙafewa da rani, kuma ƙazantar birni da ke cikinsa tana sa ganye ya yi kore shar ba tare da an sayi buhun taki ba.

Kuromiyom daga jimar zamani yake zuwa. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa da gishirin kuromiyom, domin ya fi sauri. Tan ɗaya na ɗanyen ƙirgi yakan ba da kilo 200 zuwa 250 ne kawai na jemammiyar fata, ya bar dubban litoci na ruwa mai ɗauke da gishiri da gashi da kitse da sinadarai.

Ga yadda ake auna irin wannan ruwa. Ma'aikaci zai je bakin bututun da ke zubarwa da kwalba mai tsabta, ya cika, ya rufe, ya rubuta rana da sa'a, ya sa ta cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. A can za a gano miligiram nawa na kowane ƙarfe ke cikin lita ɗaya. Za a kuma ajiye wani kaso kwana biyar a duhu, a ga yawan iskar shaƙa da ƙwayoyin halitta suka cinye wajen ruɓar da dattin. Idan ta yi yawa, kifi ba zai rayu a ruwan ba. To amma kwalba ɗaya labarin sa'a ɗaya take bayarwa. Idan an sirka ƙazamin ruwa da mai kyau kafin ya fita, lambar kowace lita za ta sauka, alhali nauyin gubar da ta isa Wasai bai ragu da ko giram ɗaya ba. Shi ya sa awon gaskiya sai an ninka abin da ke cikin lita da yawan litocin da suka fita a rana, kuma sai an ɗebi samfur dare da rana, damina da rani, ba tare da an sanar da masu wurin ba. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka da ƙasar lambu, na bana ya hau kan na bara.

Wa ke riƙe da ma'auni

Najeriya ta farga da batun kare muhalli ne bayan an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar babban aiki kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA mai sa ido kan bin ƙa'ida, sai dokar sauyin yanayi a 2021. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Matsalar ita ce yawancin lambobin da ke rahotanni kamfanin ne ya auna kansa, ko ƙwararren da ya biya. Abin da awo mai zaman kansa ke iya tonowa an gan shi a ƙasar Ogoni: a rahotonta na 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta gwada samfur fiye da 4,000, ta tarar da rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale ɗauke da sinadarin benzin fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Akwai kuma wani giɓi. Manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna buga rahoto domin masu zuba kuɗi na ƙasashen waje suna nema, kuma abin da suka fi nema shi ne lambar kabon. Matsakaitan masana'antu da ke zuba ruwa a rafi ba mai tambayarsu rahoto. Haka yashin da tifa ke kwasa daga kogunan Kano don buga bulo, har gaɓa ta zabtare ta ci gonar wani, ba ya cikin littafin mai siminti, ba ya cikin na mai gini.

Dokar 1992 ta ba jama'a ƙofa guda. Kafin a amince da babban aiki, ana baje rahoton nazarinsa kwana 21 na aiki a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, domin kowa ya duba ya yi magana. Idan aka zo neman fili a ƙasarku, dagaci da masu unguwa da ƙungiyar manoma su tura masu karatu su je su buɗe shi. Su nemi lita nawa za a riƙa ja a watan Afrilu, daga wace rijiya ko kogi, ina ruwan zai zuba bayan an gama da shi, wa zai auna shi, kuma su nemi a gwada rijiyoyin garin a rubuta sakamakon tun kafin a aza harsashi.