Yawon Sallah a Birnin Zazzau

Sallah ba ta kama kowane gari iri ɗaya. A Abuja, da an ce gobe idi sai gari ya yi wayam, kowa ya tattara iyalinsa ya nufi gida. A ƙauye kuwa, in an sauko daga idi an ci tuwo an gaggaisa, sai makaɗan dandali da yamma, shi ke nan. Garuruwan da Sallah ta fi karɓa su ne na tsaka-tsaki, irin su Zariya da Katsina da Haɗeja da Damagaram. Suna da tsohuwar sarauta mai dawaki da bayi da makaɗa, kuma ba su yi girman da za a ce sai da mota mutum zai kai inda ake shagalin ba. Mai lafiyar ƙafa zai iya ganin rabin Sallar Zariya bai kashe ko sisi ba, in dai ya san inda zai tsaya da abin da yake kallo.

Baƙo ya fara sanin cewa Zariya garuruwa ne da suka haɗe. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fada take. Akwai Tudun Wada daga fita Ƙofar Doka. Akwai Sabon Gari, wanda ya bunƙasa bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sai kuma Samaru, can hanyar Funtuwa, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kowanne da irin tasa Sallar. Samaru takan yi sanyi don ɗalibai sun tafi gida, Sabon Gari ta 'yan kasuwa ce da masu neman wurin shaƙatawa, amma mai son ganin Sallar asali sai ya shiga Birni.

Kuma ya shiga tun daren jajiberi. A wannan dare babu wanda ya kai tela daraja, babu kuma wanda ya kai shi shan zagi. Ka leƙa kowane shago za ka tarar da keke na ta ruri, yadi ya taru har ya kusa taɓa rufi, yaran shago suna guga da dutsen gawayi saboda wuta ba ta da tabbas, ga masu kaya sun jeru a benci sun yi tagumi. Wani dattijo zai ce, “Malam, tun farkon azumi fa na kawo yadin nan.” Tela ba zai ko ɗago kai ba: “Alhaji, ka yi haƙuri, wuya kawai ya rage, kafin asuba in sha Allahu.” Dattijon ya san ko yankawa ba a yi ba, telan ma ya san ya sani, amma haka za a zauna har a yi kiran assalatu. Zage-zagi sun yi suna wajen ɗinkin hannu na babbar riga, aska biyu da aska takwas da sauransu, aikin da kan ci makonni ana zaune a zaure ana soka allura. Rigunan da za ka gani gobe a jikin hakimai da yawansu daga waɗannan zaurukan suka fito. A cikin gidaje kuwa mata na fama da ƙunshi da kitso da suyar cincin da dubulan, ga alkaki da nakiya na masu hali, yara sun hana idonsu barci suna ta ɗaga sabon takalmi suna ajiyewa.

Da safe hanya ɗaya ce, ta filin idi na Ƙofar Doka. A ƙaramar Sallah, magidanci ya tabbata ya fitar da zakkar kono kafin ya fita, don amfaninta shi ne marar shi ma ya ɗora tukunya a wannan rana. Bayan an sallame an yi huɗuba, sai a ji ƙarar bindigogi. Daga nan hawa ya fara.

Mutane da yawa suna kallon hawan Sallah shekara da shekaru ba su san yana da tsari ba, gani suke dawaki ne kawai da ado. Alhali kowace tawaga ta wani basarake ce, kuma kowa ya san gurbinsa. Ga ta Madaki, ga ta Galadima, ga Wambai, Iya, Magajin Gari, Ɗangaladima, kowanne da 'ya'yansa da barorinsa cikin kaya iri ɗaya, da makaɗansa suna tafe suna wasa shi. In ka kasa kunne ga maroƙi za ka ji sunan mai sarautar da na kakanninsa, wato yana karanta maka tarihin gidan ne kyauta. Dubi dokin ma da kyau: sirdi da jalala, linzami mai ado, likkafa mai faɗi wadda duk tafin ƙafa ke zama a ciki. Masu rigar ƙarfe mai kama da raga su ne 'yan sulke. Waɗanda aka naɗe su da dawakinsu cikin kauri mai cushen auduga, da kwalkwali a ka, su ne 'yan lifidi, kuma a zamanin yaƙi wannan cushen shi ke tare kibiya. Yau ado ne, amma wanda ke ciki da tsakar rana ya san yana ɗauke da kaya.

Sarki ba ya ɓuya. Tun kafin ka hango shi za ka ji kakaki da algaita da tambari, ka ga dogarai cikin ja da kore, ka ga zagage suna tafe a ƙasa gaban doki, sai laima tana juyawa a sama. Mata daga kan katanga da bakin zaure su rangaɗa guɗa, maza su ɗaga hannu a dunƙule suna jinjina, “Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin Sarki!” Shi kuma ya amsa da ɗaga hannu, fuska rufe da amawali.

Sarautar Zazzau tun bayan jihadi gidaje huɗu ke yinta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Alhaji Shehu Idris, na gidan Katsinawa, ya hau a 1975 ya rasu a 2020, shekara 45 ke nan, har an haifi mutane sun yi jikoki ba su san wani sarki a ƙarƙashin laimar nan ba sai shi. Wanda ya gaje shi, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Bamalle ne, kuma rabon gidansu da gadon mulki tun 1920, lokacin da Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi. Shi ya sa in tawagogi na wucewa za ka ji dattawa a gefen hanya suna ta ƙus-ƙus, wannan ɗan gidan wane ne, wancan jikan sarki wane ne. Ka matsa kusa da irin waɗannan dattawan. Sun fi duk wani mai sharhi a rediyo.

Ƙarshen hawa a ƙofar fada yake, kuma nan ne wurin da ya cancanci a sha rana dominsa. Sarki zai ja linzami ya tsaya, a buɗe fili, sai mahaya su riƙa zuwa jafi rukuni-rukuni. Za su taso daga nesa a sukwane, ƙura ta turnuƙe, ƙasa tana girgiza, kai ka ce za su bi ta kan Sarki ne, sai dab da shi su ja linzami lokaci guda, dawaki su turje har gindinsu ya kusa taɓa ƙasa, a ɗaga masu da takubba sama a yi jinjina, a kauce a ba na baya wuri. Mubaya'a ce ta mayaƙa: ga mu, ga dawakinmu, ga makamanmu, duk naka ne. Daga nan Sarki ya yi jawabi, yawanci a kan zaman lafiya da tarbiyyar yara da noma da rigakafi.

Washegari hawan Bariki. Asalinsa zamanin Turawa ne, lokacin da Sarki kan fita daga Birni ya je unguwar Turawa su gaisa da Razdan. Turawa sun tafi, hawan bai tafi ba, gwamnan Kaduna ko wakilinsa ne ke tsayawa a wannan matsayi yanzu. Wasu na ganin ragowar mulkin mallaka ne da ya kamata a watsar. Ni dai ina ganin ribarsa, don shi ne ranar da mutanen wajen ganuwa ke ganin Sarki a ƙofar gidajensu, kuma shi ne damar da Sarki kan samu ya faɗa wa gwamnati kukan talakawa a bainar jama'a. Rana ta uku hawan Daushe, da shi ake rufewa. Mai niyyar zuwa ya saurari sanarwar fada tukuna, don akan ɗage hawa in da dalili, kamar yadda aka yi a 2020 saboda annobar korona.

Sai dai fa doki bai san Sallah ba. Kowace shekara ana samun wanda aka take ko aka bangaje, galibi yara da masu tsallaka hanya lokacin sukuwa, yanzu kuma ga masu shiga tsakiyar fili da waya a hannu suna neman hoto. Mai ƙananan yara ya nemi tudu ko barandar wani gida, kada ya tsaya a kwana, kada kuma ya tsaya bayan doki. A rubuta lambar waya a saka wa yaro a aljihu, don cigiyar yara ta fi yawa a waɗannan kwanaki. Akwai kuma matasan da kan fake da rakiyar hakimi su fito da gora da adda, an sha an bugu, da an yi 'yar hatsaniya sai sara. Laifin nan har da na masu tawaga, domin duk basaraken da ya san adadin dawakinsa ya san su wa ke bin sa a ƙasa. 'Yan babur masu wasan ganganci su ma sun isa a ja musu kunne.

Babbar Sallah, wadda ke zuwa bayan wata biyu da kwana goma, hawanta ɗaya ne da na ƙarama, amma hankalin gari yana kan layya. Ba a yanka sai liman ya yanka. Ranar farko ta kayan ciki ce, washegari a sauke rago a rarraba, kashi na gida, na 'yan uwa da maƙwabta, da na mabuƙata, sauran a soye shi ƙarau ko a yi dambu yadda zai yi watanni. Waɗanda rago ya fi ƙarfinsu sukan haɗa kuɗi mutum bakwai su sayi sa, wasu kuma su shiga watanda don dai yara su ci nama. Bashi ne bai kamata a ci ba. Layya ta mai hali ce, kuma tun da daɗewa Hausawa suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. A kuma tuna cewa shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, don haka Sallah yawo take cikin yanayi. Wadda aka yi da rigar sanyi, bayan 'yan shekaru da gumi za a yi ta. A 2025 ƙaramar ta faɗo ƙarshen Maris, tsakiyar zafi, babbar kuma farkon Yuni, ruwa ya fara sauka. Mai fita kallo ya riƙe ruwan sha, ko laima.

In an gaji da ƙurar dawaki, akwai wurin tarihi kusa da fada da mutane ke wucewa ba su kula ba. Tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, yana cikin gine-ginen da masana ke ji da su a duk Afirka ta Yamma. Daga baya an lulluɓe shi da sabon gini na siminti, amma kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, wanda ya shiga ya ɗaga kai yakan ga bakan gizo da aka ɗaure da azara da laka, babu ƙarfe ko ɗaya. Har kwaikwayonsa aka gina a gidan tarihi na Jos. Matasa kuwa Dutsen Kufena suke nufa, a hau a hango gari har Samaru. A je da sauran rana, a je cikin ayari, a sa takalmin da ba ya santsi. Bakin ruwa ne abin tsoro, ko Kubanni ko Galma ko madatsar jami'a, domin yaron da bai iya iyo ba in ya ga sa'o'insa sun faɗa shi ma faɗawa zai yi.

Yawon Sallah na yara ma wani fage ne. Za su yi ayari cikin sababbin kaya, 'yan mata da jaka da tabarau, su bi gidan Gwaggo da na Kawu da na Kaka, a durƙusa a ce “Baba, barka da Sallah,” a miƙa musu sabuwar takardar kuɗi, su fito waje su ƙirga. Ta haka yaro ke sanin dangi da hanyar gidajensu. Iyayen da ke kwasar yara su kai su wurin lilo su biya kuɗin shiga, su dawo ba a taka gidan kowa ba, sun rage musu wani abu, ko da yaran sun fi jin daɗin lilon.

Zariya tana da wani bikin a ƙarshen Disamba wanda baƙi ba su cika sani ba. A Wusasa, yamma da Birni, kusa da Kufena, akwai tsohuwar al'ummar Hausawa Kirista da ta samo asali daga aikin mishan na Dakta Walter Miller. Cocinsu na St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929, ginin ƙasa ne irin na Hausa, kuma a unguwar ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ranar Kirsimeti za ka ga maza cikin babbar riga da hula, mata da ƙunshi, ana addu'a da waƙa da Hausa, daga baya kwanukan shinkafa da nama su riƙa tsallakawa gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda naman layya ke shigowa nasu gidajen da Babbar Sallah. Daga Tudun Wada ko Sabon Gari, ɗan Keke Napep zai kai ka, kuma lokacin hunturu ne, sai a tafi da rigar sanyi.