Shirin Musamman: Kaka a Bakin Kogin Hudson

(SAUTI: ruwa yana bugun jikin jirgi, inji yana kaɗawa a hankali)

MAI GABATARWA: Yau doguwar tafiya za mu yi, amma ba ta gaggawa ba. Za mu je jihar New York da ke arewa maso gabashin Amurka a watan Oktoba, mu bi sawun wasu mutane da suka mai da jirgin ruwa gida. Idan zaman kan ruwa ya ishe su, sai su ɗaure jirgin a gaɓa, su saɓa jaka, su hau dutse da ƙafa. Ku gyara zama.

A wajenmu, da an ce kaka sai zuciya ta tafi ga damin gero da sabuwar gyaɗa. Su ma a can lokacin girbin tuffa da kabewa ne, sai dai abin da ke janyo baƙi daga nesa shi ne ganye. Da rana ta fara gajarta, itatuwa sai su daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore. Koren na dusashewa, ruwan ɗorawar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun bazara sai ya fito fili. Ja kuwa sabo ne, ganye ke haɗa shi daga sukarin da ya tara, musamman idan aka samu hasken rana sosai da yini, dare kuma ya yi sanyi. Itacen mapul ne sarki a nan, har za ka rantse wuta aka cinna wa dutse. Wannan ado yakan fara daga duwatsun Adirondack a ƙarshen Satumba, ya riƙa gangarowa kudu mako bayan mako. Masu jirage ma kudu suka nufa, suna gudun ƙanƙara. Ka ga ke nan tare suke tafiya da launin.

(SAUTI: ƙarar manyan ƙofofin ƙarfe suna rufuwa)

Wannan ƙara da kuka ji, ta ƙofofin hanyar ruwa ta Erie ce. Kogi ne da hannun mutum ya haƙa. An fara aikin a 1817 bisa jajircewar gwamna DeWitt Clinton, aka buɗe a 1825, tsawon kilomita 584 daga Albany zuwa Buffalo. Da shebur da gatari da ƙarfin dabba aka yi shi, kuma alfadarai da dawakai ne ke jan jiragen kaya daga gefe da igiya. Yau kaya sun koma jirgin ƙasa da manyan motoci, hanyar ta zama ta matafiya.

Amma yaya jirgi zai sauko daga tudu? Ga yadda ake yi. Jirgi zai shiga wani dogon ɗaki na ruwa mai ƙofa gaba da baya, a rufe shi ciki. Sai a riƙa zuƙe ruwan, jirgin yana yin ƙasa a hankali, mutanen ciki suna riƙe da igiyoyin da ke jikin bango don kada ya goga. Idan ruwan ya daidaita da na gaba, a buɗe ƙofa ya wuce. A garin Waterford akwai irin waɗannan ɗakuna 5 a jere, suna sauke jirgi kimanin mita 51 cikin ɗan taƙi. Kuma dole matafiyi ya iso kan lokaci, domin kafin sanyi ya kankama ake rufe hanyar, sai kuma wata bazarar.

(SAUTI: kukan tsuntsayen ruwa)

Daga Waterford mun faɗa kogin Hudson, mai tsawon kilomita 507. Da an wuce madatsar ruwa ta garin Troy, sai kogin ya sauya hali. Teku tana nesa da kimanin kilomita 240, amma cikowarta da janyewarta suna isowa har nan. Ruwa ya yi kudu na wasu sa'o'i, ya juyo ya yi arewa. Mutanen asalin wurin, Mohikan, sun ba shi sunan da ake fassarawa da kogi mai gudu gaba da baya, tun kafin Henry Hudson ya shigo shi da jirginsa a 1609. Saboda haka mai jirgi ba ya tashi don ya ga dama. Yakan duba jadawalin ruwa, ya jira lokacin da zai tura shi gaba, ya rage shan mai.

Da yawa daga masu wannan rayuwa ma'aurata ne da suka yi ritaya. Ɗakin kwana da madafa da makewayi duk a wuri ɗaya suke, kamar shago guda. Ana auna ruwan sha, ana auna wutar batir, wanki sai an iso gari. Jirgin ba ya wuce gudun keke, kilomita 12 zuwa 15 a sa'a. Da asuba hazo kan rufe kogin har ba ka ganin gaɓa, sai a haɗa shayi a jira. Masu jiragen da iska ke turawa kuma sukan tsaya a garin Catskill su sake kafa doguwar sandar jirginsu, wadda suka kwantar saboda gadojin Erie ba su da tsayi. Wahala ce, ba shakka. Amma mai mota yakan wuce wannan kwari cikin sa'o'i uku, ya ce ya gani. Mai jirgi yakan yi mako, ya san wane tsauni ne ya riga ja, wane ne har yanzu yake da sauran kore. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, ni kuma na ƙara da cewa ita ce ke ba ido rabonsa.

(SAUTI: takun ƙafa a kan busasshen ganye)

Yanzu mu ɗaure jirgi. Inda kogin ya matse tsakanin duwatsu akwai gadar Bear Mountain, wadda aka buɗe a 1924. A kanta wata shahararriyar hanyar ƙafa ta tsallaka ruwa, wato hanyar Appalachian. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, daga dutsen Springer a jihar Georgia zuwa dutsen Katahdin a jihar Maine, ta ratsa jihohi 14. Benton MacKaye ne ya kawo shawarar a 1921, aka buɗe sashen farko a wannan yanki a 1923, aka kammala a 1937. Alamarta ɗan farin fenti ne a jikin itace ko dutse. Muddin kana ganinsa, ba ka ɓata ba.

Masu bin ta daga farko har ƙarshe sukan yi wata 5 zuwa 7, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ga gaci. A 1955 wata dattijuwa, Emma Gatewood, ta taka ta ita kaɗai tana da shekara 67, da takalmin kambas da ɗan buhu a kafaɗa. Mutanen jirginmu dai yini ɗaya ya ishe su. Za su ɗauki ruwa da guzuri da rigar sanyi, su cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska mai sa cuta, su kama hawan dutsen Bear Mountain. Ganye yana zubowa a kafaɗa, numfashi yana fita kamar hayaƙi. Daga ƙololuwa, kusan mita 390, kogin da ka kwana a kansa zai koma kamar zare, jirginka kamar ƙwayar shinkafa. Idan gari ya washe tas, har dogayen benayen Manhattan da ke birnin New York ana hangowa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, masu sauraro, yana ƙarƙashin ƙafa. Ɗaruruwan matakalan dutsen da ake takawa a wannan hawa, da hannu aka sassaƙa su, kuma masu aikin sa-kai sun zuba guminsu a ciki. Su ne ke sabunta fenti, su sare itacen da ya faɗi ya tare hanya, tamkar aikin gayya. Ka'idar wurin kuma ita ce duk abin da ka shigo da shi ka fita da shi, ko da ledar biskit ce. Wani ya haƙa kogi shekara 200 da suka wuce, wani ya gyara matakala bara, kai kuma ka zo ka more. Haƙƙin da ke kanka shi ne na bayanka ya tarar da wurin yadda ka tarar.

(SAUTI: ana jan sarƙar anga, inji ya tashi)

Nan da 'yan makonni iska za ta kakkaɓe rassan nan, su tsaya tsirara. Kafin lokacin jirginmu ya wuce birnin New York, ya miƙa kudu inda rana ke da ɗumi. Mu ma a nan za mu ja zaren shirin. Allah Ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya. Mu kwana nan.