Cinikin biri a sama: Abin da ke cikin fakitin katin besbol

A watan Maris na 2025 aka yi gwanjon wani ɗan kati a Amurka, wanda da kaɗan ya fi katin ATM girma, aka sallama shi a kan dala miliyan 1.11. Hoton Paul Skenes ne a jiki, matashin da ke jefa ƙwallo a ƙungiyar besbol ta Pittsburgh Pirates, da sa hannunsa, da ɗan ƙyallen da aka liƙa masa a hannun riga ranar da ya fara buga babbar gasa a watan Mayun 2024. Guda ɗaya tak aka yi a duk duniya, kamfanin Topps ya jefa shi cikin wani fakiti ya rufe, aka tura kasuwa.

Tun kafin a san inda katin ya faɗa, ƙungiyar Pirates ta yi shelar cewa duk wanda ya same shi ya kawo mata, za ta ba shi kujeru biyu na alfarma a filin wasanta har tsawon shekara 30. Wa ya tsinci dami a kala? Wani yaro ɗan shekara 11 daga yankin Los Angeles, a cikin kwalin da aka ba shi kyautar Kirsimeti. Iyayensa suka zaɓi gwanjo, kamfanin sayar da kayan wasanni na Dick's Sporting Goods ya saye.

Labari mai daɗin ji, ko? To amma a lokacin da yaron nan ke murna, dubban mutane sun yage irin wannan fakitin da irin wannan fatan, abin da suka samu bai kai kuɗin da suka biya ba. Labarinsu shi ne ba a bugawa a jarida.

Me ake tarawa?

Besbol dai wasa ne da ake jefo wa ɗan wasa ƙaramar ƙwallo, ya make ta da kulki, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a kama shi. Ya fi tashe a Amurka, Japan, Kuba, Venezuela da Jamhuriyar Dominika. Babbar gasarsa, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce na buga wasa 162 a kaka guda. Wasa ne na lissafi, masoyansa sun haddace alƙaluman 'yan wasa kamar yadda namu 'yan kallon ƙwallo suka haddace yawan ƙwallayen Ronaldo da Messi.

Katin kuwa, gaba hoton ɗan wasa ne, baya alƙalumansa. Duk shekara Topps na fitar da jerin farko a watan Fabrairu, mai kati 350, sai na biyu a tsakiyar shekara, sai na cikon waɗanda suka sauya ƙungiya da sababbin shiga a ƙarshen kaka. Ba a sayar maka da jerin a buɗe ka zaɓa. A rufe yake zuwa cikin fakiti, 'yan katuna kaɗan a kowanne, sai ka yage za ka san rabonka. Abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama ke nan, kuma a nan duk daɗin da duk haɗarin suke.

Daga kwalin taba zuwa cingam

Tun a shekarun 1880 kamfanonin taba sigari na Amurka suka fara cusa katin 'yan wasa a kwalin taba, don ya riƙe kwalin kada sigarin ta karye, ya kuma ja mai saye. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin da ake kira T206. A ciki akwai katin Honus Wagner, wanda aka dakatar da bugawa da wuri. Wasu sun ce bai so yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce rigimar kuɗi ce. Ko ma dai mene ne, waɗanda suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 50 zuwa 60, kuma a 2022 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 7.25.

Bayan taba sai cingam ya karɓa. Topps, wanda aka kafa a Brooklyn a 1938, asalinsa kamfanin cingam ne, katin gyara ne kawai don yara su saya. A 1952 ma'aikacinsa Sy Berger ya tsara jerin kati 407 wanda ya zama tushen fasalin katin zamani. Rukunin ƙarshe na jerin ya fito a makare, bai yi kasuwa ba, ya yi shekaru jibge a sito. Kamar yadda Berger ya sha bayar da labari da bakinsa, daga baya an loda kwalayen a jirgin kwasar shara aka zubar da su a Tekun Atlantika. A cikin waɗanda aka zubar har da katin Mickey Mantle na ƙungiyar New York Yankees, mai lamba 311. A watan Agustan 2022 aka sayar da guda ɗaya mai kyau a kan dala miliyan 12.6. Wanda ya sayar, dala 50,000 ya saye shi a 1991.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Tsofaffin katunan sun yi tsada ne saboda babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Yara sun yi wasa da su, sun maƙala su a sifokin keke don ya riƙa ƙara kamar babur, iyaye mata sun share ɗaki sun watsar. Kaɗan ne suka tsira, shi ya sa suka zama zinariya.

Lokacin da aka yi wa rogo kallon kitse

Da labarin tsadar tsofaffin katuna ya bazu a shekarun 1980, sai kowa ya farka. A 1981 kamfanonin Fleer da Donruss suka shigo kasuwa bayan wata shari'a ta karya babakeren Topps. A 1989 Upper Deck ya zo da takarda mai sheƙi da tambarin hana jabu, ya sa matashi Ken Griffey Jr. a kati na ɗaya. Manya suka riƙa sayen kwali-kwali suna ɓoyewa, wai kuɗin makarantar yara ne nan gaba. Kamfanoni kuwa suka ga kasuwa ta buɗe, suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa.

Ina amfanin abin da kowa ya adana? Katunan ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 sun yi yawan da har yau akasarinsu ba su da wata daraja. Ga shi a 1994 'yan wasa suka tafi yajin aiki har aka soke wasan ƙarshe na gasar, mutane suka yi fushi da besbol, shagunan kati da yawa suka rufe.

Daga nan kamfanoni suka koyi darasi: tunda yanzu kowa na adanawa, sai a ƙirƙiri ƙarancin tun daga masana'anta. A 1990 Upper Deck ya warwatsa kati 2,500 masu sa hannun Reggie Jackson a cikin fakitoci. A 1992 Topps ya daina sa cingam, don yana ɓata katin. A 1993 ya fito da masu walƙiya irin ta bakan gizo. A 1997 aka fara ganin katin besbol mai ɗauke da yankin rigar da aka buga wasa da ita, da kuma wanda guda ɗaya kacal aka buga. Yau ɗan wasa ɗaya zai iya fitowa a launi iri-iri, wani an buga 99, wani 25, wani 5, wani 1, lambar na rubuce a jiki. Abin da ake saye yanzu shi ne ɗan lokacin nan tsakanin yage leda da ganin abin da ke ciki.

Korona ta ƙara wa wutar fetur

Akwai kuma masu tantancewa. Kamfanin PSA, wanda ya fara aiki a 1991, yana duba kusurwa da gefe da fuskar kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a roba. Tsakanin maki 9 da 10 farashi kan ninka sau da yawa. Abin dariyar shi ne, katin farko da PSA ya tantance wani Wagner ne, kuma a 2013 dillalin da ya taɓa mallakarsa, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefensa don ya ƙara kyau.

Da kullen korona ya zo a 2020, mutane na zaune a gida, sai kasuwar ta haukace. A watan Agustan shekarar aka sayar da katin Mike Trout na 2009, shi ma guda ɗaya a duniya, a kan sama da dala miliyan 3.9. A 2021 PSA ya dakatar da karɓar yawancin katuna saboda aiki ya yi masa yawa. A watan Mayun wannan shekarar manyan kantunan Target suka daina sayar da katin wasanni a shagunansu na wani lokaci, bayan wani faɗa a kan kati a wurin ajiye motoci a jihar Wisconsin, inda har aka zaro bindiga. A farkon 2022 kamfanin Fanatics ya saye sashen katunan Topps a kan kimanin dala miliyan 500.

A lokacin ne kuma buɗe kwali kai tsaye a intanet ya zama ruwan dare, a YouTube da TikTok da Whatnot. Ga yadda ake yi: mutum ya sayi kwali mai tsada, ya raba shi gida 30 daidai da yawan ƙungiyoyi, kowa ya biya kuɗin gida ɗaya, a yi ƙuri'a a ba ka ƙungiya. Ya buɗe a gaban kyamara, duk katin ƙungiyarka da ya fito naka ne. In babu abin kirki, sai dai haƙuri. Shi kuwa mai buɗewar ya riga ya tara abin da ya fi kuɗin kwalin tun kafin ya yage ledar farko.

Sha'awa ce ko caca?

An sha kai wannan tambaya kotu. Tun a shekarun 1990 wasu masu saye, ciki har da iyayen yara, suka yi ƙarar kamfanonin kati cewa caca suke sayarwa. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa masu sayen sun sami abin da suka biya: fakitin kati, da damar dacewa. Kamfani ma kan rubuta cewa kati iri kaza yana fitowa sau ɗaya a fakiti kaza. Sai dai wa ke tsayawa karanta ƙananan rubutu alhali hannu na ƙaiƙayi?

Masanin halayyar ɗan Adam B.F. Skinner ya nuna tun tuni, da gwajin tantabaru, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa a nace. Tantabarar da ba ta san a sara na nawa hatsi zai zubo ba, ba ta gajiya da sara.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da wasan da ko a gidan kallo ba a nunawa. Duk wanda ya taɓa buga FIFA ya sayi fakitin 'yan wasa yana addu'ar Mbappe ya fito, ya san wannan bugun zuciyar. Dabarar ɗaya ce, takarda ce kawai babu. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a na wasannin bidiyo caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar.

Duk da haka, ba kowane mai tara kati ne ɗan caca ba. Akwai masu haɗa jeri daga lamba 1 har ƙarshe, suna musayar wanda ya maimaitu da abokai. Akwai masu bin ɗan wasa ɗaya tun yana ƙaramar gasa. Akwai uban da ke buɗe fakiti ɗaya da 'yarsa ranar Asabar, su karanta alƙaluman baya tare. Tsofaffin hannu a harkar na da shawara ɗaya da suke yawan maimaitawa: in wani kati kake so, je ka saye shi kai tsaye, ya fi arha a kan farautarsa a fakiti. In kuma daɗin buɗewar kake so, ware kuɗin da za ka iya mantawa da shi, kamar kuɗin shiga gidan kallo, kada ka kira shi jari.

Mutumin da ya raɗa wa jerin Wagner suna T206, Jefferson Burdick, ma'aikacin masana'antar kayan lantarki ne a garin Syracuse. Ya tara katuna da takardun talla kusan 300,000, kimanin 30,000 daga ciki na besbol. Bai kai su gwanjo ba, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya bai wa kyauta. Shekarunsa na ƙarshe a can ya yi su, yana liƙa su a kundi ɗaya bayan ɗaya duk da ciwon gaɓoɓi da ya nakasa masa yatsu. Ya gama a watan Janairun 1963, ya rasu bayan wata biyu. Har yau gidan tarihin na fito da su rukuni-rukuni jama'a su gani.