Uwargida, Da Wane Cokali Kike Auna Magani?

Yau zancenmu a kan maganin ruwa ne, irin wanda ake ba yara. Sau da yawa malamin asibiti yakan ce, "Ki ba shi cokali ɗaya sau uku a yini." Uwa ta dawo gida ta ɗauki cokalin da ya zo hannunta. To, nan ne kuskure yake farawa.

Ki sani, cokalin da likita yake nufi ma'auni ne mai cin mililita 5, wato abin da ake rubutawa ml a jikin kwalba. Babban cokali kuwa mililita 15 ne, ninki uku ke nan. Amma cokulan gidajenmu kowane da girmansa. In ya yi ƙanƙanta magani ba zai yi aiki ba, in ya yi girma yaro ya sha fiye da ƙima.

Ga lissafin, ku 'yan makaranta sai ku koya wa iyayenku. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. In kin ga cc, daidai yake da ml. Santilita ɗaya mililita 10 ce, saboda haka ledar ruwa mai 50cl rabin lita ce. Gishirin zawo da aka rubuta a jiƙa shi a lita ɗaya, ruwan leda biyu za ki zuba, ba ƙari ba ragi.

Kada kuma ki haɗa ml da mg. Na farko yawan ruwan ne, na biyu nauyin maganin da ke cikinsa. Wani farasitamol na yara yana da mg 120 cikin mililita 5, amma akwai na ɗigawa a bakin jarirai mai mg 100 cikin mililita ɗaya tak. Wadda ta cika cokali da wannan na biyu ta ba ɗanta fiye da ninki huɗu, ga shi kuwa yawansa yana lalata hanta.

Abin yi shi ne, ki riƙa awo da ɗan kofi ko cokalin da ya zo tare da maganin. Mafi kyau ki nemi sirinji marar allura a kemis, ki zuƙo daidai layin, ki tsiyaya a gefen kuncin yaro sannu-sannu, yana zaune. Kafin ki bar asibiti ki roƙi malam ya nuna miki layin da hannunsa. Matambayi ba ya ɓata.

Ga wata dabara kuma. Kwalba mai mililita 60, in ana shan 5 sau uku a yini, kwana huɗu za ta yi. In kin ga ta ƙare a kwana biyu, awonki ya zarce, sai ki hanzarta kai yaron asibiti tare da kwalbar.

Allah ya raya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.