Dattawa masu shan maganin taɓin hankali: a lura da ƙafafunsu da numfashinsu

A asibitin sansani ana ba wasu dattawanmu magunguna irin su haloperidol, chlorpromazine, risperidone ko olanzapine. Ana ba da su ga masu taɓin hankali, wani lokaci kuma ga tsohon da gigin tsufa ya sa shi firgita da yawan faɗa. Suna da amfani ƙwarai, amma muna so kowane gida ya san cewa suna ƙara haɗarin daskarewar jini a cikin jijiya.

Idan mutum yana tafiya, naman sharaɓarsa ne ke matsa jini ya koma zuciya. Waɗannan magunguna kan kawo kasala da yawan barci, sai tsoho ya wuni kwance a tabarma. Ga zafi, ga ƙarancin shan ruwa. A haka jini kan yi guda a jijiyar ƙafa. Idan gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, yana iya kisa nan take.

Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2010, ya nuna cewa cikin kowane mutum 10,000 masu shekara 65 zuwa sama da suka yi shekara guda suna shan maganin, ana samun ƙarin kimanin mutum 10 da jininsu ya daskare. Adadin ba shi da yawa, amma haɗarin ya fi tsanani a watanni uku na farko.

A kai dattijo asibiti a ranar idan ƙafa ɗaya ta kumbura, tana ciwo, ta yi ɗumi ko ta sake launi. Kada a yi mata tausa, kada a gasa ta, kada a yi tsaga. Idan kuwa numfashi ya sarƙe kwatsam, ko ƙirji na suka, ko ana tarin jini, a garzaya da shi ko da tsakar dare ne.

Abin da za mu iya yi a gida:

A riƙe masa hannu ya ɗan zaga tanti safe da yamma. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa motsa masa ƙafa da idon sawu.

A riƙa ba shi ruwa a kai a kai, ko bai nema ba.

Kada a ɗaure mara lafiya da igiya ko mari. Ɗauri na hana motsi, yana kuma ƙara haɗarin.

A doguwar tafiya a mota, a sauko da shi ya miƙe ƙafa duk inda aka tsaya.

A gaya wa ma'aikacin lafiya idan ya taɓa samun daskarewar jini, karaya, tiyata ko ciwon daji.

Muna roƙon iyalai kada su dakatar da maganin da kansu, domin ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Idan barcin ya yi yawa, ku zo da katin asibiti da kwalin maganin, likita ya duba ko za a rage ko a canza. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.